Abin Aro Daga Aro: Tarihin Asibitin da Ya Yi Jinyar Mutum Tare da Danginsa



Makon jiya muka taru a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu a nan Sabon Abekuta wurin raɗin suna. Bayan an shafa fatiha an raba goro, dattawa suka koma gefe guda, sai zance ya faɗa kan wani yaro na unguwa da ƙwaya ta fara taɓa wa kai. Uban yana cikinmu, ya sunkuyar da kai. Kowa ya kawo tasa shawarar. Daga ƙarshe wani dattijo da muke ganin girmansa ya ce, "Alhaji, kada ka wahalar da kanka. Motocin shanu kullum wayam suke komawa. Ka ɗora shi a guda, a kai shi gida a sa masa mari, wata shida ya dawo mutum." Jama'a suka ce haka ne, haka ne. Ni dai ban ce uffan ba, kunya ce ta hana ni, domin abin da na yi wa ɗan ƙanwata ke nan a 2016, kuma na ga yadda ta ƙare.

Abin da na kasa faɗa a gaban dattawa shi zan rubuta a nan. Daga inda muke zaune ran nan zuwa asibitin Aro tafiyar 'yan mintoci ce a mota. A nan aka haife ni, kakana fataucin goro ya kawo shi, amma har na yi furfura ban san komai game da Aro ba sai cewa zagi ne. Idan yaran Yarbawa suka ce maka "ɗan Aro", mahaukaci suke nufi, mu ma muka ɗauka muna zagin juna da shi. Sai da wuya ta kai ni ƙofar wurin na fara tambaya da karance-karance, na tarar ashe a bayan gidanmu aka yi wani gwaji da likitocin duniya suka riƙa zuwa kallo. A Hausa aro shi ne ka karɓi abin wani ka yi amfani da shi. To ina ganin akwai abin da ya kamata mu ara daga Aro.

Kafin Lambo

Mai karatu, bari mu koma baya kaɗan. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali na farko a Kalaba a 1904, suka buɗe na Yaba a Legas a 1907. A 1916 suka yi dokar da ta ba hukuma ikon kama wanda aka ce ya haukace a tsare shi. Waɗannan gidaje sun fi kama da kurkuku, don manufarsu a kawar da mutum daga kan titi ne kada ya dami jama'a. A garuruwan da babu irinsu, har da na Arewa, gidan yari ake kai shi a ware masa ɗaki. A wajen hukuma kuwa, boka da malami da babalawo kowa yana da nasa turun da sarƙarsa. Wato dai a wancan zamani da Bature da baƙar fata sun yi tarayya a abu guda, shi ne ɗauri.

A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka buɗe wani wurin a Lantoro a nan Abekuta, inda aka riƙa kawo sojojinmu da suka dawo daga yaƙin Bama da ciwon ƙwaƙwalwa. Masu tarihin shaye-shaye da dama suna danganta yaɗuwar tabar wiwi a ƙasar nan da wannan lokaci, da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka saba da ita a ƙasashen waje. Da Lantoro ya yi kaɗan, sai gwamnati ta nemi fili a gefen gari, a wani ƙauye da ake kira Aro, ta fara gina babban asibiti.

Likitan da ya sauke majinyata a ƙauye

Thomas Adeoye Lambo ɗan Abekuta ne, an haife shi a 1923. Ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham a Ingila, ya ƙware a kan ciwon ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya yi wannan ƙwarewa. Ya dawo gida a 1954 aka ba shi Aro, ya tarar ba a gama ɗakunan kwanciya ba, ga majinyata suna ta zuwa. Wani da sai ya zauna jiran 'yan kwangila. Shi sai ya je ya zauna da dagatai da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su riƙa ba majinyata hayar ɗakuna a cikin gidajensu.

Tsarin da ya fara a wannan shekara ga yadda yake. Ba a karɓar majinyaci shi kaɗai, dole ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar uwa ko goggo, wanda zai zauna da shi a ɗakin haya, ya dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti. Da safe su je a ba shi magani irin na wancan zamani, a sa shi wata sana'ar hannu, da yamma su koma ƙauye. A can zai ga mata suna daka, yara suna wasa, zai je kasuwa, zai je masallaci ko coci, in ya ji sauƙi ya bi masu gida gona. An ajiye nas a ƙauyen dare da rana saboda ko-ta-kwana. Su kuma mutanen ƙauye suna samun kuɗin haya, asibiti ya kawo musu ruwan famfo, ya ba su rance su ƙara ɗakuna, ana kuma zama da dattawansu a kai a kai a ji kokensu. Ƙauyukan sun kai suna ɗaukar majinyata tsakanin 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Abu na biyu da ya yi, wanda ya fi tayar da ƙura a tsakanin likitoci, shi ne ya jawo wasu masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Hujjarsa ita ce wanda ya yi imani sammu aka yi masa ba zai saki jiki da likitan da ke masa dariya ba, kuma ko an hana shi zuwa wurin boka a fili zai je a ɓoye. Gara a san abin da ake ba shi, a hana abin da zai cutar, a bar masa wanda zai kwantar masa da rai. A tuna kuma a 1953 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likitan mulkin mallaka mai suna Carothers, wanda ya nuna kamar ƙwaƙwalwar baƙin mutum ba ta kai ta Bature ba. Lambo ya yi ta rubutun rusa wannan magana, yana nuna cewa cutar iri ɗaya ce a ko'ina, al'ada ce ke sauya yadda take bayyana da yadda ya kamata a tunkare ta.

Sunan Aro ya fita duniya. A 1961 a nan Abekuta aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka baki ɗaya. Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, sannan mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

Wannan ai tsarin fatoma ne

Ranar da na fara karanta wannan labari na yi dariya ni kaɗai, don na ga abin da na taso a cikinsa. Mu da muka girma a Sabo mun san yadda kakanninmu suka zauna a ƙasar nan. Bafatake ya taso daga Kano ko Sakkwato da shanunsa, ko ya zo sarin goro, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci. Sai ya sauka a gidan maigida, wato fatoma. Maigida ya ba shi ɗaki, a kawo masa tuwo daga cikin gida, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi, in ya yi rashin lafiya ya nema masa magani, in ya rasu ya yi masa sutura. Sabon Badun, da aka kafa a 1916, a kan wannan tsari ya tsaya, har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinsa ya rubuta littafi a kai a 1969. Haka Shagamu, haka Agege, haka nan Abekuta.

Iyayenmu sun gane baƙo ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai da masauki, da sana'a, da wanda zai tsaya masa. Lambo ya gane mara lafiyar ƙwaƙwalwa ma haka yake, don shi ma ya zama baƙo a cikin mutanensa. Abin mamaki, mu da muka gaji wannan tsari muna yi wa baƙon da bai haɗa komai da mu ba, amma idan ɗanmu na cikinmu ya faɗa shaye-shaye, abu na farko da ke zuwa mana shi ne yadda za mu raba shi da gida.

Gwamnati ta ɗauko bulala, Aro ya buɗe sashe

Gaskiya ita ce ƙauyen Lambo ba don mashaya aka kafa shi ba, yawancin waɗanda aka kwantar masu taɓin hankali ne. Amma tun da wuri likitocin Aro suka fara ganin samari da wiwi da giya da ƙwayoyin hana barci suka kawo. Tolani Asuni, wanda ya gaji Lambo a shugabancin asibitin, ya rubuta maƙala a kan wiwi a Nijeriya a mujallar Majalisar Ɗinkin Duniya ta harkar ƙwayoyi a 1964, Lambo ya rubuta tasa a kan shaye-shaye a Afirka ta Yamma a 1965. Dukansu sun haɗa matsalar da halin zaman jama'a, da yadda matasa ke barin ƙauye su shigo birni babu mai tsawata musu.

Gwamnati kuwa wata hanyar ta bi. A 1966 gwamnatin soja ta Ironsi ta yi dokar wiwi, wanda ya noma ta kisa ko ɗaurin shekara 21, wanda aka kama da ita shekara 10. Aka sassauta dokar a 1975. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta yi doka mai lamba 20 da ta tanadi kisa ga masu fataucin hodar ibilis, a watan Afrilun 1985 aka harbe samari uku a Kirikiri. Ina saurayi a lokacin, na tuna yadda aka yi ta maganar a tasha. Gwamnatin Babangida ta soke hukuncin kisan, sannan ta kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48 ta 1989. Kama dillalai aiki ne da ya zama dole, ban musa ba. To amma duk waɗannan dokoki a kan kayan suke magana, wanda ya riga ya kamu babu wanda ya tanadar masa komai sai gidan yari.

A tsakiyar wannan zamani na bulala, a 1983, Aro ya buɗe sashen da ake kira DATER, na jinya da ilmantarwa da bincike a kan shaye-shaye, irinsa na farko a ƙasar nan. Aikin mataki-mataki ne. Da farko a raba jiki da ƙwayar a ƙarƙashin kulawar likita. Bayan nan a shiga doguwar tarbiyya inda majinyata ke zaune tare, kowa da aikin da aka ɗora masa, ana zaman tattaunawa na rukuni, ana koyon sana'a, ana kiran dangi a zauna da su. Tunanin Lambo ne aka shigo da shi cikin katanga.

A waje ma ilimi ya nufi wannan hanya. A 1977 wani likita Ba'amurke, George Engel, ya yi shahararren rubutun da ya ce kowace cuta a dube ta ta fuska uku, jiki da tunani da zaman jama'a. Kafin nan an ga wani abin mamaki a yaƙin Biyetnam. Kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da jarabar hodar heroyin a can, har gwamnatin Nixon ta tsorata a 1971 cewa za su dawo su cika gari da mashaya. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu bayan sun koma gida, ta tarar kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma cikin jarabar a shekarar farko, kashi 12 a cikin shekara uku.

Wani zai ce to ai maganar dattijonmu ke nan, a sauya wa yaro wuri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a duba inda sojojin nan suka koma. Sun bar fagen yaƙi da tsoro da zaman banza da hoda mai arha, suka koma wurin iyaye da mata da aikin yi. Namu yaron kuwa daga wurin uwarsa ake ɗauke shi a kai shi garin da bai taɓa zama ba, wurin dangin da ba su san shi ba, yana Hausa ana masa dariya wai ɗan kurmi, ga ƙwayar nan a can ma a kowane lungu.

Zamaninmu, da labarin ɗan ƙanwata

A ƙuruciyarmu mashayin Sabo sananne ne, mai zuwa gidan burukutu ko mai sayen ogogoro a ɓoye, sai 'yan dako masu haɗiyar a-ji-garau. Daga baya sholisho ya shigo, sannan tiramol da kodin da roci. Tiramol na asibiti mai miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa har 225 ake samu, kuma yawancin yaranmu ba don nishaɗi suka fara shi ba. Ɗan acaba, mai tura baro, mai ga-ruwa, mai sauke buhunan albasa tun asuba, ƙarfin aiki yake nema. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fito da rahoton bincike a kan kodin, washegari gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A Janairun 2019 aka fitar da babban ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi. Ta nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Abin da ya kamata mu nan mu lura da shi, yankin Kudu maso Yamma da muke zaune shi ya fi kowane yawa, kashi 22.4 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12.

Ɗan ƙanwata, zan sakaya sunansa, acaba yake yi. Da muka gane yana shan tiramol har ya faɗi sau biyu yana farfaɗiya, uwarsa ta zo tana kuka ta ce, "Yaya, ka yi wani abu kafin mutane su sani." Kun ji inda gizo ke saƙar, kafin mutane su sani. Na yi masa dabara na ce zai raka ni biki, na kai shi wani gidan mari a Arewa na biya kuɗi na dawo. Wata bakwai ya yi. Ya dawo ya rame, da tabon ƙarfe a idon sawu biyu, ba ya haɗa ido da kowa, muka ce alhamdu lillahi ya natsu. Muka mayar masa da babur ɗinsa ya koma tashar da ya baro. Bai yi wata biyu ba aka kwaso shi a sume. Likitan da ya duba shi ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, idan ya koma ya sha kamar da, a nan ne aka fi mutuwa. Da yaron ya farfaɗo abin da ya ce mini shi ne, "Kawu, da ka tambaye ni me ya sa nake sha." Wallahi ban taɓa tambayarsa ba. Ashe babur ɗin na haya-ka-mallaka ne, kullum sai ya kai balas, in ya gaza sau uku a ƙwace, ga ciwon baya tun wani haɗari da ya ɓoye mana.

Da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka bi da Daura da Katsina da Zariya da Ilori, har da unguwar Ojoo a Badun inda aka fito da sama da 200, ban iya kallon hotunan ba. Kada kuma wani ya ce abin na Musulmi ne ko na Arewa. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na Nuwamban wannan shekara ya samu sarƙa a gidajen addu'a na Kirista, da wurin masu maganin gargajiya, da wasu cibiyoyin gwamnati. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin waccan da ta samo asali daga 1916.

Me za mu ara?

Zagaye na biyu mun bi ta asibiti, kuma daga abin da na gani da wanda na karanta, jinyar da ke aiki tana da ƙafafu da yawa, in aka cire guda sai ta gurgunce.

Ta farko jiki, wannan kuwa aikin likita ne. Wanda ya daɗe yana shan giya sosai idan aka yanke masa rana ɗaya zai iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya da gane-gane bayan kwana biyu ko uku, kuma ana mutuwa a haka. Mai kodin ko tiramol zai sha ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci na kwanaki. Akwai magungunan da ke sassauta wannan, akwai masu rage ƙawar abin. A nan ne kuma ake gano ciwon da ke ƙasa, kamar bayan yaronmu, ko ciwon damuwa, ko ciwon hanta. A yi hattara da masu tallar jiƙo a lasifika wai kwalba ɗaya ta raba mutum da ƙwaya har abada.

Ta biyu tunani, a zauna da shi a ji abin da ke tura shi, a koya masa yadda zai yi idan ƙawar ta taso. Zama da waɗanda suka daina yana taimakawa ƙwarai, a kan haka aka kafa ƙungiyar mashaya giya masu taimakon juna a Amurka tun 1935. Ta uku dangi, don mu ma sai da aka zaunar da mu aka nuna mana inda muke ƙara wa wutar fetur, da gori da ɓoye-ɓoye. Ta huɗu sana'a da wurin zama. Mun biya bashin babur muka sayar da shi, wani maigida mai sarin albasa ya karɓe shi yana riƙe masa lissafi, ya ba shi ɗaki a gidansa nesa da tsohuwar tasha, uwarsa na kai masa abinci. Ƙauyen Lambo ke nan a ƙaramin sikeli.

Ta biyar addini, kuma a nan malamanmu suna da babban gurbi idan aka ajiye sarƙa. Mun sani haramcin giya a matakai ya sauka, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida. Mun san kuma a Bukhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, da wani ya la'ance shi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A Indunusiya, makarantar Suryalaya ta Shehu Abah Anom ta shahara tun shekarun 1970 da tarbiyyar mashaya ta hanyar zikiri da wankan dare da tsayar da salla. Limamin unguwarmu shi ya riƙa tsayar da yaronmu bayan asuba suna hira, ya kuma ba shi aikin shimfiɗa tabarmi ran Juma'a don jama'a su saba ganinsa a cikin sahu.

Sai haƙuri. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan koma, kusan daidai da yadda hawan jini da asma ke tashi bayan an samu sauƙi, kuma jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne. Yaronmu ya zame sau ɗaya bayan an sallame shi. Wannan karon shi da kansa ya zo ya gaya mini, muka koma wurin likita.

Ba zan ɓoye muku ba, shi ma ƙauyen Lambo bai ɗore ba. Abekuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, masu gidaje suka samu 'yan haya ma'aikata da suka fi majinyata biya, gonakin suka zama filaye, tsarin ya yi ta ja baya. Kuma tun farko yana cin mutum guda daga kowane gida, galibi mace, wadda za ta bar sana'arta da 'ya'yanta ta zauna jinya wata da watanni. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, don haka ban ce mu kwafo shi yadda yake ba. Amma abin da ya rasa a yau, wato unguwar da kowa ya san kowa, da masu gidaje da suka saba saukar baƙi, da shugaban da ake jin maganarsa, mu muna da sauransa a Sabo.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan acaba da na kasuwa ita ce, kowace unguwa ta samu mutum uku ko huɗu, har da mace, da uba ko uwa za su iya zuwa wurinsu a asirce. Su san hanyar asibiti mafi kusa, na Aro ga mu nan, na Yaba ga mutanen Legas, asibitin koyarwa ga mutanen Badun. A ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin jinya kamar yadda muke yi wa gawa da mai gobara. A samu masu gidaje da masu sana'a da za su karɓi yaro idan an sallamo shi. Su kuma masu ba da babur haya su dubi Allah a kan balas ɗin da suke ɗorawa.

Ɗan ƙanwata yanzu yana da mata da 'ya guda, tabon yana nan a ƙafarsa, ko da zafi ba ya rabuwa da safa. Shi ya ba ni izinin ba da labarinsa. Jiya da daddare na je gidan Alhajin nan da aka ba shawarar motar shanu, na zauna na faɗa masa duk abin da kuka karanta. Ya yi shiru, can ya ce zai yi magana da uwar yaron, in Allah Ya kai mu Litinin in zo in raka su.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana kurakuran da muka yi da sunan gyara.